Gabas Biyu Ce

Shafi na 14

Masu turo min saƙo tun jiya kuna cewa Malam Muntaka ya cika taurin kai, na ji ku. Ni ma ban ce ba shi da shi ba. Ku dai gyara zama, yau ce ranar buɗe masallacin.

*

Ana sallame sallar asuba a tsohon masallacin cikin gari, Malam Muntaka magini ya zura takalmansa, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Maimakon ya nufi gida, sai ya bi ta bayan gari, ta cikin gonakin da aka shuka shekaranjiya, yana ɗaga ƙafa kada ya taka wa mutane gero. Ƙasar na da sauran danshi.

Sabon masallacin Zangon Kanya yana bakin hanyar Tsanyawa, fari tas, da koren kwano da hasumiya guda. Wata goma sha ɗaya ana aikinsa. Alhaji Madu ne ya ɗauki nauyi, ɗan kasuwar Kano ɗin nan da kakanninsa suka zo daga Barno, wanda yake sayen hatsi a garin tun yana saurayi. Wanda ya gina kuwa Naziru ne, ɗan Malam Muntaka namiji tilo. A duk watannin nan uban bai taɓa sa ƙafa a filin ba, sai dai ya harare shi daga nesa in zai wuce gona.

Yau ya sa.

Ya je bangon arewa, ya kwantar da kuncinsa a jikin simintin mai sanyi, ya rufe ido ɗaya yana bin miƙewar bangon da kallo. Haka ubansa ya koya masa tun yana cuɗa ƙasa da ƙafa.

"Gabas biyu ce, Muntaka," in ji tsohon a lokacin. "Akwai ta rana, akwai ta salla. Rana yawo gare ta, da sanyi ta gangara kudu, da damina ta hauro arewa. Inda ka ga ta ɓullo makon da aka shuka gero, to nan ce alƙibla. Ka sa mata alama ka riƙe."

Shekara arba'in da ɗoriya yana riƙe. Masallatan ƙauyuka bakwai shi ya kafa musu turaku ya ja musu igiya, ko a maƙabarta za a buɗe sabon layi sai an aiko an kira shi. Yau kuwa addu'a ɗaya yake yi, Allah Ya sa idonsa ne ya tsufa.

Rana ta ɓullo.

Ba ta fito a ƙarshen bangon ba. Can hagu ta fito, saman kukar gidan Sabo, daidai inda ya san za ta fito. Ya miƙa hannu ya auna tsakaninta da bangon. Taƙi guda cur.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali.

Babu wanda ya ji shi sai raguna biyun da aka ɗaure a gindin darbejiya don walima.

*

Gidansa ɗaki huɗu ne na ƙasa, duk shi ya gina da hannunsa, kuma mutum ɗaya ne a ciki tun rasuwar matarsa Hure shekara biyu da suka wuce. Da tana nan da tun daga zaure za ta gane akwai magana, da jin takunsa kawai. Yanzu sai ya shiga ya fita da damuwarsa kwana goma ba a ce masa me ya faru ba.

Sai dai yau akwai hayaƙi a madafa. Aina'u ce, autarsa da ke aure a Kunci, ta zo tun jiya taya mata aikin walima.

"Baba, ina ka shiga? Kokon har ya huce."

"Na zaga gona."

"Gona da sassafe haka, ranar da duk gari ke wanka? An ce mota uku za ta zo daga Kano fa."

"Allah Ya kawo su lafiya."

Ta ajiye masa kwanon a kan tabarma, amma ba ta tashi ba. Tana ta murza bakin mayafinta.

"Baba, Yaya Naziru yana zaure. Ya ce in nemar masa iso."

Iso! A gidan da aka yanke masa cibiya. Maganar ta soki Malam Muntaka, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Kowace safiya yana jin kukan mashin ɗin yaron yana wuce ƙofar gidan nan, ya ɗan sassauta kamar zai tsaya, sannan ya ƙara wuta. Tun ranar da Naziru ya ce a rushe ɗakin Hure a yi na bulo, wai zamanin tubali ya wuce, magana tsakaninsu ta koma ta ina kwana da lafiya lau a bakin hanya.

"Ce masa ya shigo."

Naziru ya shigo da sallama, cikin farar shadda, riƙe da baƙar leda. Ya cire takalmi nesa da tabarmar ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya hidima?"

"Alhamdu lillahi."

Can daga cikin gari ana gwada lasifika, wani yana ta hura ta yana cewa ana ji, ana ji. Naziru ya turo ledar gaban uban da hannu biyu.

"Riga ce na ɗinka maka, da hula. Alhaji ya ce a sahun gaba za ka tsaya, bayan liman." Ya gyara durƙuso. "Ni ma haka nake so, Baba."

Malam Muntaka ya zaro rigar. Shuɗiyar shadda ce mai aiki a wuya, tsayin daidai, hannun daidai. Ya gane inda tsohuwar rigarsa ta sallar idi ta shiga wata guda yana nemanta, ashe wurin tela aka kai ta awo. Ya dubi Aina'u, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Wallahi a lokacin ransa ya so ya ce Allah Ya yi maka albarka, ya sa rigar, ya ja bakinsa ya yi shiru har kabari. Ya gaji da cin tuwo shi kaɗai.

"Aina'u, je ki taya su suyar waina."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta fita. Sai da ya ji ta wuce zaure sannan ya ninke rigar ya ajiye a gefe.

"Naziru."

"Na'am, Baba."

"Da me ka fitar da alƙiblar masallacin nan?"

Naziru ya ɗago da sauri, har da ɗan farin ciki a fuskarsa. Wannan ce tambaya ta farko da uban ya taɓa yi masa a kan aikin.

"Da kamfas ɗin waya. Na ɗora ta a ƙasa, ta nuna gabas cif, na ja igiya. Sau uku na maimaita."

"Gabas cif."

"Cif, Baba. Ko ɗigo ban bari ba."

"To ya kauce."

"Me ya kauce?"

"Masallacin. Bai kalli alƙibla ba."

Naziru ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai gama jin abin da aka faɗa ba.

"Haba Baba. Gabas fa na sa shi."

"Gabas ta rana ka sa shi. Ta salla tana hagu da ita, taƙi guda. Yanzun nan na dawo daga can, na auna."

"Baba, yau za a buɗe."

"Na sani."

"Don Allah in wani abu na yi maka, ka faɗa min shi kai tsaye. Kada ka biyo min ta nan."

Malam Muntaka ya miƙa hannu gefen tabarma. Ya ɗauki sandarsa, ya kwantar da ita a ƙasa tsakaninsu, ya juya kanta har ta kalli saman katanga inda kan kukar gidan Sabo ya leƙo.

"An ce wayoyin naku har da mai nuna alƙibla. Buɗe."

Naziru ya zaro wayar. Ya latsa ya buɗe. Ya ajiye ta kusa da sandar. Kibiyar ta yi ta lilo, ta yi dama, ta dawo, sannan ta tsaya. Ta kwanta daidai da sandar kamar tare aka ajiye su.

Ya ɗauke ta, ya girgiza, ya sake ajiyewa. Ta koma wurin.

Daga durƙuso Naziru ya zauna daɓas a ƙasa, da farar shaddarsa da komai. Ya daɗe yana kallon wayar. Da ya buɗe baki, muryar ba irin tasa ba ce.

"Yaushe ka gani?"

Malam Muntaka ya kalli kwanon koko.

"Baba, yaushe ka gani?"

"Ranar da kuka ja igiya."

"Ranar igiya?"

"Zan wuce gona na hango."

"Kafin a haƙa harsashi?"

"Kafin nan."

Naziru ya dafe kai da hannu biyu, hularsa ta zame ta faɗi bai kula ba.

"Turke huɗu, Baba. Da ka yi magana a ranar, turke huɗu kawai zan cire in sake kafawa. Ka bar ni na haƙa. Ka bar ni na yi linta, na ɗora kwano, na shimfiɗa tayil mai layin sahu. Kullum kana wucewa kana gani!"

"Kada ka ɗaga min murya a gidana."

"Ban ɗaga ba. Tambaya nake. Me na yi maka da zafi haka?"

Abin da ya daɗe yana cin tsohon a rai ya taso masa gaba ɗaya.

"Me ka yi min? Ƙauye bakwai ba a kafa turken masallaci sai da ni. Rannan ka zo ka tsaya min a ƙofar zaure, ko mashin ba ka kashe ba, kana tambayata ina za a fuskantar, sai ka ce mai tambayar hanyar kasuwa. Na ce to, tunda abin ya zama na tambaya a tsaye, ga amsa a tsaye. Na ce in yaron nan yana bukatata, zai dawo ya ce Baba taso mu je. Na zauna a zauren nan ina jira. Ban je kasuwar Tsanyawa ba mako uku, kada ka zo ba na nan."

Naziru ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Taso mu je na zo in ce."

"Me?"

"Shi na zo in ce. Ban kashe mashin ba don na ɗauka hawa za ka yi. Har buhu na ninke na ɗaura a baya saboda ƙugunka. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara da tambaya. Ka ce min, gabas mana, ina aka saba? Ka juya ka shige gida."

Malam Muntaka ya kawar da kai gefe.

"Kwana uku na hana leburori haƙa," in ji Naziru. "Na ce musu siminti ne bai iso ba. Ina zaune a gindin darbejiyar nan ina kallon hanyar gida. Ka wuce gona sau shida, Baba. Na ƙirga."

Tsohon ya runtse ido. Ya tuna safiyoyin nan sarai. Ya tuna yana hango farar hula a gindin darbejiya, yana ƙara sauri don kada a ce ya leƙa.

Da ƙyar ya ce, "To me ya hana ka buɗe abin alƙiblar nan tun a lokacin?"

"Kai fa ka faɗa." Naziru ya share ido da bayan hannu. "Wa yake bin bayan maganarka a kan alƙibla a ƙasar nan?"

Wannan ita ta gama da Malam Muntaka. Da zaginsa yaron ya yi da ya fi masa sauƙi.

Sanda da waya suna nan kwance a tsakaninsu. Kaza ta zo ta leƙa kwanon koko, babu wanda ya kore ta.

Naziru ne ya fara motsawa. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa bakin tabarmar, ya rage murya.

"Baba, ka rufa min asiri. Yau kaɗai. A yi taro a watse, baƙi su koma. Jibi in sami Liman Basiru mu biyu, in sa a ja sabon layi a karkace, a ce gyara ne. Ba wanda zai ji."

"Sallar yau fa?"

"Salla ɗaya ce."

"Ta mutum nawa?"

"Ba su sani ba. Wanda bai sani ba ai Allah ba Ya kama shi, kai ma ka san haka."

"Su ba su sani ba. Ni fa?"

"Baba, yau Alhaji zai faɗa a lasifika cewa ni zan gina Islamiyyar Kunci. Shekara tara ina ɗaukar bulo a Kano kafin a ce min Injiniya a garin nan. In aka ce Naziru ya gina masallaci ya juya wa alƙibla kafaɗa, ko kejin kaji ba wanda zai sake ba ni. Yara za su sa ni a waƙa." Ya kama gefen tabarmar. "Ba barazana nake maka ba, wallahi. Amma in maganar nan ta fita yau, ba ni da idon da zan sake shigowa Zangon Kanya."

"Naziru..."

"Ka yi shiru wata goma sha ɗaya don kanka. Ka yi min na yini ɗaya."

Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya sa wayar a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka sa rigar, don Allah. Na riƙe maka wuri kusa da ni."

Malam Muntaka ya ji an tayar da mashin a waje, ya ji ya tafi. Ya kalli ƙofar ɗakin Hure da ke rufe. Babu wanda zai tambaya.

Ya sa rigar.

*

Kafin azahar filin masallaci ya cika ya batse. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, mutanen Kunci da na Tsanyawa sun zo a bas, mota uku ta Kano ta zama biyar. Ƙamshin waina da miyar taushe ya cika ko'ina. Duk wanda ya ga Malam Muntaka cikin shuɗiyar shadda sai ya miƙo hannu biyu.

"Malam, barka! Ɗa ya gaji ubansa."

"Malam, ashe ana shiri? Ai mun ce ba za ka ƙi zuwa ba."

Yana amsawa, yana murmushi, amma bai taɓa jin kaɗaici irin na cikin taron nan ba. Mutum ɗari biyar suna kallon gini suna cewa masha Allah, shi kaɗai yake ganin kukar gidan Sabo a inda bai kamata ta kasance ba.

Sau biyu ya yunƙura zai je wurin Liman Basiru ya ja shi gefe. Na farko ya tarar baƙi sun kewaye shi. Na biyu hanya a buɗe take, ƙafarsa ce ta ƙi.

Mai gari ya yi jawabi. Alhaji Madu ya karɓi lasifika, ya yi godiya ga Allah, ya ce ba ya son a ambaci sunansa, ya kuma yi minti ashirin yana bayanin yadda abin ya faro. Daga ƙarshe ya ce, "Ina Injiniya Naziru? Taso jama'a su gan ka. Islamiyyar da za mu yi a Kunci, in Allah Ya yarda, hannun nan ne zai gina ta."

Aka ɗauki kabbara. Naziru ya miƙe yana sunkuyar da kai. Ta cikin mutane ya nemo idon ubansa, ya riƙe shi da kallo na ɗan lokaci. Malam Muntaka ya gyaɗa masa kai kaɗan.

Ya yanke shawara ke nan. Zai yi shiru. In ya koma gida ya rama sallarsa shi kaɗai, ya roƙi Allah gafara. Ai ya saba yin abubuwa shi kaɗai.

Ladan ya kira salla a sabuwar hasumiya, har wasu tsofaffi na share hawaye. Aka buɗe ƙofofi, jama'a suka shiga da bismilla, ƙafafu na jin sanyin tayil. Korayen layukan sahu sun miƙe ɗoɗar daga bango zuwa bango. Ko a cikin halin da yake, sai da magini ya yaba a ransa. Aikin yaron yana da tsafta, kusurwa ko ɗaya ba ta cije ba.

Aka kai shi sahun gaba, bayan liman. Alhaji Madu a hagunsa, Naziru a damansa. Aka ta da iƙama. Kafaɗar Naziru ta taɓa tasa, ɗan yatsan ƙafarsa ya taɓa nasa. Rabon da jikinsu ya haɗu tun ranar da suka saka Hure a kabari.

Liman Basiru ya juyo ya dubi sahu.

"A daidaita, jama'a. Kafaɗa da kafaɗa, a toshe ɓaraka. A kashe wayoyi." Ya yi murmushi. "Yau dai ba mai cewa bai ga layi ba. Kowa ya fuskanci alƙibla."

Ya juya. Ya ɗaga hannuwansa zuwa kunne.

Malam Muntaka ma ya ɗaga nasa. Suka tsaya a rabin hanya. Ta tagar hagu yana hango kan kukar, kuma ƙirjinsa da kansa yake son juyawa can, kamar yadda ya saba juyawa sau biyar kullum tun yana ɗan shekara bakwai. Ya ji Naziru ya matse kafaɗarsa da tasa.

"Baba," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

"Malam, dakata."

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da ya ji muryarsa ta fita ta lasifikar liman, ta zagaya har waje wurin mata. Liman Basiru ya sauke hannu, ya kashe lasifikar, ya juyo. Malam Muntaka ya fita daga sahu, ya yi taku biyu zuwa gabansa.

"Lafiya, Malam Muntaka?"

"Masallacin nan bai kalli alƙibla ba. Ya kauce dama, taƙi guda."

Masallaci ya ɗauki guna-guni, daga sahun gaba har na baya. Wani ya ce subhanallahi. Wani ya ce tsufa ne. Wani daga baya ya ce a'a, in dai Muntaka ne ya faɗa a duba. Nan da nan samari suka zaro wayoyin da aka ce a kashe, sai ga kibiyoyi suna ta karkata hagu ɗaya bayan ɗaya.

Fuskar Alhaji Madu ta canza. Ya gyara babbar rigarsa, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Wa ya fitar da alƙiblar nan?"

"Ni ne," in ji Malam Muntaka.

Idanu suka koma kansa.

"Ni aka zo aka tambaya, har ƙofar gida. Na ce gabas, ban ce wacce ba. Yaron ya bi maganata ne don bai taɓa zaton zan ba shi rabin magana ba. Kuma na ga kuskuren tun ranar da aka ja igiya, na yi shiru, saboda ina fushi ba a ce in zo in kafa turke ba." Ya nuna bango da hannu. "Ginin ɗana ba shi da aibi, ku duba da idonku. In akwai wanda za a daina kira aiki a ƙasar nan, ni ne. Ku shaida."

Shekara arba'in na suna, ya ajiye shi a gaban mutum ɗari biyar cikin numfashi uku. Abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Ya juya don ya ga fuskar Naziru, ko da harara ce ya gani.

Gurbin mutum biyu ne a sahun gaba. Nasa, da na Naziru kusa da shi.

Ya bi sahu na biyu da ido, ya bi na uku. Mutane suna kauce wa kallonsa. Ƙofar gefe ta kudu a buɗe take, tana ɗan motsi.

"Tun yaushe?" ya tambayi mutumin da ke tsaye kusa da gurbin.

"Tun da ka ce a dakata, Malam."

Naziru bai ji ba ke nan. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Daga waje aka tayar da mashin. Malam Muntaka ya san kukansa a cikin dubu. Ya yunƙura zai nufi ƙofa, sai ya ji an riƙe masa hannun riga. Liman Basiru ne, da ladabi, jama'a duk sun zuba ido, lokacin salla na tafiya.

"Malam Muntaka, ba mai fita sai an yi sallar nan, kuma ba mu da wanda ya fi ka sani. Taso mu je ka nuna mana."

Wata goma sha ɗaya yana jiran a ce masa taso mu je.

Kukan mashin ɗin ya hau hanyar Tsanyawa. Wannan karon ko sassautawa bai yi ba.